Tarihin Awon Ƙarfin Injin a Garejojin Birnin Kudu da Gwaram

Birnin Kudu da Gwaram garuruwa ne na kan hanya, domin titin da ya taso daga Kano ta Wudil yana rabuwa a Kwanar Huguma, reshensa na kudu ya ratsa Birnin Kudu, daga nan kuma ya miƙe zuwa ƙasar Bauchi ta Ningi ko ta Gwaram. Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da yankin yake ƙarƙashin Kano, hatsi da gyaɗa da dabbobi suke bin wannan hanya zuwa manyan kasuwanni, kuma fataken da suka riga mota zuwa ba su da wani ma'aunin ƙarfin jaki ko takarkari face nauyin kayan da ya ɗauka da zangon da ya ci kafin ya gaji. Da mota ta karɓi aikin sai ta gaji wannan ma'auni kusan yadda yake, shi ya sa har yau idan direban da ke lodi a kasuwar Sara ya ce motarsa tana da ƙarfi, abin da yake nufi shi ne buhu nawa take ja, da kuma giyar da take hawa tudu da ita.

Masana'antun da suka ƙera waɗannan motoci suna da wani ma'auni dabam, wanda ake kira ƙarfin doki. James Watt, injiniyan Sikotilan, shi ne ya tsayar da shi a ƙarshen ƙarni na 18 don ya nuna wa masu saye dawakai nawa injinsa na tururi zai maye gurbinsu, kuma a lissafin awon mita da ya biyo baya, ƙarfin doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. A 1821 Bafaranshe Gaspard de Prony ya ƙirƙiro wani burki da ake ɗaura wa sandar injin, a matse ta, a auna ƙarfin murɗawarta da sikeli, sannan a ninka abin da aka samu da yawan juyin da sandar take yi a minti. William Froude na Ingila ya kawo burkin ruwa a 1877, kuma daga waɗannan biyu ne na'urar awon ƙarfin injin ta zamani ta samo asali, wadda ake ɗora tayoyin mota a kan manyan nadi, a taka totur har ƙasa, na'urar tana rubuta ƙarfin da ya isa taya a kowane mataki na juyi. Wannan na'ura ba kayan aikin garejin bakin hanya ba ce, saboda tsadarta da wutar da take buƙata, don haka tarihin awon ƙarfi a kudancin Jigawa tarihin kunne ne da hanci da titi.

Zamanin da wannan sana'a ta kafu sosai shi ne shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin man fetur ya kawo masana'antun haɗa motoci kusa da gida: Peugeot ta fara aiki a Kaduna a 1975, aka kafa ta manyan motocin Fiat a Kano da ta Steyr a Bauchi, yankin Birnin Kudu kuma ya samu kansa a tsakanin Kano da Bauchi. Peugeot 504, wadda injinta mai lita biyu yake ba da ƙarfin doki 90 da 'yan kai, ita ce makarantar da yawancin makanikan wancan zamani suka yi karatu a kanta. Injinta na kafireto ne, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga silinda, kuma kusan duk abin da ke cikinta ana iya saita shi da sukurdireba. Fetur yana ƙonewa sarai ne idan kowane kilo ɗaya ya samu iska kilo 14.7, amma injin yana ba da ƙarfinsa mafi girma idan man ya ɗan fi haka yawa, wajen kilo ɗaya ga iska kilo 12.5 zuwa 13. Bakaniken da bai taɓa jin waɗannan alƙaluma ba yana riskar su ta wata hanya: yana kwance filogi ya duba bakinsa, idan ya yi baƙi da kunkunniya man ya yi yawa, idan ya yi fari fat iska ta rinjaya kuma injin na cikin haɗarin zafi, idan kuwa ya yi ruwan ƙasa haɗin ya daidaita. Daga nan sai ya saita tayimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, yana matsar da shi gaba kaɗan-kaɗan har ya fara jin ƙwanƙwasa a cikin injin, sannan ya ɗan janye baya.

Bai kamata a raina wannan ilimi ba, domin awo ne na gaskiya, kuma yana da sharaɗin da kowane awo nagari yake da shi, wato a maimaita gwaji a wuri ɗaya da kaya ɗaya. Direban da ke bin hanya ɗaya kowace ranar kasuwa da lodi iri ɗaya ya san tudun da motarsa ta saba hawa da giya uku, kuma ranar da ta nemi giya biyu ya san ƙarfi ya zube, ko da kuwa ba zai iya faɗin doki nawa ba ne. Sai dai abin lura shi ne, aikin da makanikan wancan zamani suka ƙware a kai maido da ƙarfin da ya ɓace ne, ta hanyar wanke kafireto, sauya ringi, wasa bawul, ko yi wa injin gyaran gaba ɗaya, kuma a nan bambancin yana da girma har jiki ya ji shi. Ƙara wa lafiyayyen injin ƙarfi fiye da yadda masana'anta ta yi shi wani al'amari ne dabam, kuma a nan ne kunne yake yaudarar mai shi.

Dalilin yaudarar yana cikin iskar da injin ke shaƙa. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sakayau, kuma tsakanin safiyar hunturu mai digiri 15 da tsakar ranar bazara mai digiri 40, nauyin iskar da ke cika silinda yana raguwa da kusan kashi 8 cikin 100, abin da ke rage ƙarfin injin ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Saboda haka ne ƙa'idojin awo na Amurka da Jamus suka wajabta a mayar da kowane sakamako zuwa wani zafi da matsin iska da aka amince da su, digiri 25 a na Amurka, digiri 20 a na Jamus, kafin a kwatanta awo biyu. Ƙarin da ake samu daga sauya matatar iska ko buɗe mashigarta a lafiyayyen injin da ba shi da turbo ƙalilan ne, sau da yawa bai kai wannan bambanci na yanayi ba. Mai motar da aka yi wa aiki da azahar, ya gwada ta washegari da asuba, zai ji ta fi sauƙin tashi, ya kuma yaba wa bakanike a kan abin da sanyin safiya ya yi. Ƙara ma tana da nata tasiri, domin injin da aka cire wa akwatin iska ko aka fasa wa salansa yana ruri, mutum kuwa ya saba danganta ruri da ƙarfi.

Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin masu sufuri, sai tsofaffin motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas suka cika tasha, Golf da Sharan da J5 da ire-irensu, kayan gyaransu kuma ana sayo su a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Yawancin waɗanda aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa gaba ba su da kafireto. Nozul ne ke fesa mai, ƙaramar kwamfuta kuma ke lissafa adadinsa bisa abin da na'urorin auna iska da zafi da hayaƙi suka gaya mata. Wannan sauyi ya raba bakanike da sukurorin da ya saba juyawa, kuma martanin farko na sana'ar, a nan da sauran sassan Najeriya, shi ne cire abin da ba a gane ba. Aka riƙa zare tamostat da sunan maganin zafi, alhali injin da bai kai zafin aikinsa ba kwamfutarsa tana ci gaba da ƙara masa mai. Aka riƙa fasa matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi, da sunan buɗe wa injin numfashi, ko da yake ƙarafa masu tsada da ke cikinta suna da masu saye, kuma hakan ma yana cikin dalilan cire ta. Idan matatar ta toshe da gaske, cire ta yana maido da ƙarfi. Idan lafiyarta ƙalau, ribar ba ta taka kara ta karya ba, hayaƙin da yaran gareji da masu talla a tasha ke shaƙa kuwa ya ƙara guba.

Matatar iska ita ce inda kuskure ya fi tsada a wannan yanki. Wani bincike da cibiyar Oak Ridge ta Amurka ta wallafa a 2009 ya nuna cewa toshewar matata a motar zamani ba ta ƙara shan mai sosai, domin kwamfuta tana rage man daidai da iskar, amma tana rage saurin tashi da kashi 6 zuwa 11 cikin 100, yayin da a motar kafireto take ƙara shan mai. Ma'anar wannan ita ce, direban da ya cire matatar da ƙurar hunturu ta toshe, ya ji motarsa ta farfaɗo, bai yi ƙarya ba, amma sabuwar matata za ta ba shi kusan duk wannan ƙarfi. Barin injin ba matata a hanyoyin burji na ƙauyukan Gwaram yana shigar da rairayi cikin silinda, ya cinye ringi da bangonta, matsi ya zube, injin ya fara shan baƙin mai. 'Yan acaɓa masu Bajaj Boxer, wadda injinta ƙarami ne, su ne suka fi faɗawa wannan, domin a ƙaramin injin kowane ɗan ƙari yana da daraja, kuma lalacewar tana zuwa da wuri.

Na'urar da ake jonawa a mota ta karanto bayanan kwamfutarta, wadda soket ɗinta ya zama dole a Amurka daga 1996 da Turai daga 2001 ga motocin fetur, yanzu ta yi arha har ana haɗa ta da wayar hannu, kuma a yawancin motoci tana nuna iskar da injin ke ja a kowace daƙiƙa, adadin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarfi. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, tambayar da masu mota ke kawowa gareji ta karkata daga gudu zuwa kilomita nawa lita ɗaya za ta kai, kuma wannan awo ne da kowane direba zai iya yi da kansa: ya cika tanki a gidan mai ɗaya, ya bi hanyarsa ta kullum da lodin da ya saba, ya dawo ya sake cikawa, kafin gyara da kuma bayansa.