Wasan Da Ya Ƙi Mutuwa

Ranar da na ga wasan Doom yana gudana a wayar ƙanena, sai mamaki ya kama ni. Wasan ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma an ƙera shi ne don kwamfutocin da yau sai a gidan tarihi ake ganin irinsu. Da yawa daga cikin sa'o'insa sun bi injinansu zuwa kabari. To, me ya raya wannan? Neman amsar ne ya jefa ni cikin wannan tarihi.

A ranar 10 ga Disamba, 1993, wani ƙaramin kamfani mai cin gashin kansa, id Software, a jihar Texas ta Amurka, ya saki Doom. John Carmack ne ya rubuta injin wasan, John Romero kuma yana cikin masu tsara filayensa. Kashi na farko, mai matakai tara, kyauta aka bayar. Wanda ya ji daɗi sai ya sayi sauran. Sai dai hikimar da ta fi tasiri tana cikin ginin ne. An ware injin gefe guda, aka tara hotuna da sauti da taswirori a fayil dabam mai suna WAD. Da haka duk mai sha'awa ya sami damar zana nasa filin ba tare da ya taɓa injin ba, 'yan wasa suka koma magina.

Duk da haka, tushen manhajar, wato asalin rubutun umarnin da injin ke bi, a kulle yake. A watan Disamba na 1997 Carmack ya buɗe shi ga kowa, bisa sharaɗin kada a yi kasuwanci da shi. A nan ne na ci karo da abin da ya fi tsaya mini a rai. Sigar Linux aka saki, ba ta DOS da jama'a suka sani ba, domin sashen sautin ta DOS, mai suna DMX, mallakar wani ne. Abin aro ba ya shiga rabon gado. Dole masu sa-kai suka sake ɗora wasan a kan DOS, suka gina masa wani sautin da hannunsu.

A 1998 ƙungiyar TeamTNT ta fitar da Boom, wanda ya gyara kurakurai ya kuma faɗaɗa iyakokin injin. A 1999 aka mayar da tushen ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya halatta gyara da rabawa, muddin wanda ya raba gyaransa ya bar shi a buɗe. Tun da hotuna da sauti suna nan a hannun kamfanin, sai wasu suka kafa aikin Freedoom don samar da madadinsu kyauta.

Wani zai ce wannan labarin jiya ne. Ni ban yarda ba. A 2014, Juan Linietsky da Ariel Manzur, 'yan ƙasar Ajantina, suka buɗe tushen injinsu, Godot, ƙarƙashin lasisin MIT. A Satumba 2023 kamfanin Unity, wanda ɗimbin ƙananan masu ƙera wasanni suka dogara da injinsa, ya sanar da sabon kuɗi a kan kowace saukewar wasa. Hankula suka tashi, domin mutane sun gane cewa a filin wani suka gina gidajensu. Kamfanin Re-Logic, mai wasan Terraria, ya ba Godot gudummawar dala 100,000. Bayan shekara guda Unity ya janye kuɗin, amma darasin ya riga ya shiga kunne.

Ba na cewa buɗe tushe yana ciyar da mai shi; masu sa-kai da yawa sun gaji sun ajiye aiki. Abin da tarihin ya nuna mini shi ne, manhaja tana rayuwa ne muddin akwai mai ikon gyara ta. Doom ya kai wayar ƙanena domin mutanen da Carmack bai taɓa gani ba sun sami wannan iko, suka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu.