Daga Busa Zuwa Fategi: Abin Da Tarihin Kogin Kwara Ya Koya Mana

'Yan uwa, mu da muke zaune a Lakwaja da garuruwan da ke bakin Kwara da Binuwai, kogi hanyarmu ce. Ta cikinsa muke zuwa cin kasuwar Kaca, muke kai amarya, muke zuwa ta'aziyya. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi yadda na gabanmu suka bi wannan ruwa, domin tarihin ya nuna cewa tun a gaɓa ake shirya isa lafiya, kafin ƙafa ta taka kwale-kwale.

A watan Nuwamba na 1805 Bature Mungo Park ya taso daga Sansandin, a ƙasar Mali ta yanzu, cikin jirgin da ya haɗa daga tsofaffin kwale-kwale biyu. Burinsa ya ga inda kogin ya ƙare. Ya yi tafiya mai nisan gaske, amma ya ƙi yarda ya riƙa sauka yana gaisawa da mutanen garuruwan da yake wucewa, wasu ma harbi ya shiga tsakaninsa da su. Da ya iso Yawuri, ɗan jagoransa Amadi Fatuma ya sallame shi ya koma, don nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Park ya ci gaba ba tare da wanda ya san ruwan gaba ba. A Busa, inda kogin ke matsewa tsakanin duwatsu, jirgin ya maƙale, mutanen gaɓa suka far musu, shi da abokan tafiyarsa suka faɗa ruwa suka halaka a farkon 1806.

Bayan shekara 24, wasu 'yan uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo wannan Busa ɗin. Sun yi watanni suna neman yardar sarakunan Busa, Wawa da Yawuri kafin su samu kwale-kwale. A watan Satumba na 1830 suka tashi, lokacin da ruwa ya cika, tare da matuƙa 'yan ƙasa. Sun wuce ta mahaɗar Kwara da Binuwai a watan Oktoba, sun sha wahala har aka kama su a ƙasa da nan, amma a watan Nuwamba suka kai teku da ransu. Kogi ɗaya ne, bambancin kawai su sun tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata.

Mutanen da suka tambaya ɗin suna da tsari tun kafin zuwan Turawa. A ƙasar Nufe, Kyadya ne ke riƙe da fito da safarar kaya, shugabansu Kuta yana zaune a Muregi, inda kogin Kaduna ke zubowa cikin Kwara. A ƙasa da su akwai Kakanda, a sama kuma Sarkawa da Gungawa na yankin Yawuri. Garuruwan bakin ruwa suna da Sarkin Ruwa, kamar yadda muke gani a Argungu har yau, ba a shiga sai ya duba ya ba da izini. Waɗannan mutane sun san kogin yana kawo ruwa sau biyu: farin ruwa na damina mai laka da ƙarfin gudu, da baƙin ruwa da ke isowa daga can sama a lokacin sanyi. Sun san inda dutse yake, inda dorina ke kwana, da iyakar kayan da jirgi zai ɗauka.

Abubuwa biyu suka sauya wannan yanayi. Na farko, madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta shanye tsohuwar Busa da dazuzzukan kewaye, kututturan itatuwa suka rage a ƙarƙashin ruwa, sakin ruwa daga madatsa kuma ya sa kogin na iya ƙaruwa ba tare da hadari ya haɗu ba. Na biyu, inji ya maye gurbin filafili da gora. Tafiya ta yi sauri, jirage suka ƙara girma, aka fara loda mutane da babura da buhuna, ana kuma tafiyar dare.

Sakamakon ba ɓoye yake ba. A watan Mayu na 2021 jirgin da ya nufi Wara a jihar Kebbi ya dare da mutane fiye da 150 a ciki. A watan Yuni na 2023, a yankin Fategi na jihar Kwara, mutane fiye da 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. A watan Oktoba na 2024 wani ya kife a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa, shi ma da dare, akasarin fasinjojin mata da yara. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedkwatarta ke nan Lakwaja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya, sai dai ba kowace kwata jami'anta ke kaiwa ba. Ke nan aikin ya dawo kanmu.

Don haka idan za mu haɗa tafiya ta ƙungiya ko ta dangi, mu tura mutum kwata tun jajibiri ya tambayi Sarkin Ruwa ko dattawan matuƙa halin da ruwa ke ciki. Mu nemi matuƙin da ya saba bin wannan hanya. Mu duba jirgin da idonmu, in ana ta kwarfar ruwa daga cikinsa tun yana tsaye, mu nemi wani. Mu ƙirga mutane, a rubuta sunayensu a bar wa wani a gida tare da lokacin da ake sa ran isa. In mun yi yawa, a yi sawu biyu, kuɗin man da za a ƙara bai kai rai ɗaya ba. Kowa ya ɗaura rigar kariya, har wanda ya iya iyo, yara kuma a zaunar da su a tsakiya. In hadari ya taso a ratse gaɓa a jira. In biki ya kai mu magariba, mu kwana a can, gari ya waye mu dawo.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi yawa a jiragen biki da na kasuwa. In kun ga lodi ya wuce ƙa'ida, ku sauka, mu kuma kada mu ga laifinku. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya kai mu gidajenmu lafiya.