Yaro da Ubangida: Tarihin Koyon Sana'a a Ƙasar Jega da Aliero

Duk lokacin da na koma gida hutu a Jiga Birni, ba na rasa jin wani dattijo yana cewa, "Yaron nan tun da karatu ya ƙi, sai a kai shi gareji." Maganar tana yi mini ciwo, domin ta nuna cewa a idonmu na yau koyon sana'a makomar wanda ya faɗi jarrabawa ce. Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne mu waiwayi yadda kakanninmu na wannan yanki, watau Jega da Aliero da Maiyama, suka riƙa shigar da matashi sana'a, mu kuma ga abin da ya salwanta a hanya tsakanin zamaninsu da namu.

Mai karatu ya san labarin Gimbana, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda harin da mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka kai masa ya zama ɗaya daga cikin musabbaban hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Bayan rasuwar Abdussalami a 1818, ɗansa Buhari ya kafa Jega wajen 1820, a bakin gulbin Zamfara, ƙarƙashin Gwandu. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya. Gishirin Foga yana shigowa daga yamma, tufafin Kano suna zuwa daga gabas, ga kuma ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, suna yada zango su yi guzuri.

To, kasuwa irin wannan ba ta tsayuwa sai da ƙwararrun mutane, kuma babu makarantar da ta yaye ko ɗaya daga cikinsu. Bari mu ɗauki fatauci mu gani. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku ubansa zai kama hannunsa ya damƙa wa wani bafatake a gaban shaidu, ya ce, "Ga amana." Daga ranar ya zama yaron wane. Aikinsa na farko kiwon jakuna ne da ɗebo ruwa da itace a zango. In ya yi tafiya ɗaya ko biyu, sai a koya masa ɗaurin kaya, yadda nauyi zai daidaita a bayan jaki kada ya ji masa ciwo. Sannan a matsa da shi ga goron kansa, wanda ya fi jariri son lallashi: yaushe ake kwance huhu, yaya ake yayyafa ruwa, wane ganye ya kamata a sauya, yaya ake tsince wanda sankara ta kama tun bai ɓata sauran ba. A nan zai iya ƙirgen ƙwarya, goro ɗari ke nan, ya iya lissafin wuri har zuwa keso, watau zambar ashirin. Yana kallon madugu yana sasantawa da sarakunan hanya a kan fito, yana jin jagaba yana faɗin inda ruwa yake da inda 'yan fashi suke kwana, yana tsintar harsunan mutanen da ake ratsa ƙasarsu. Tafiyar takan ci watanni da yawa, wani lokaci har shekara ta zagayo.

Abin da na fi so mai karatu ya lura da shi, shi ne ƙarshen al'amarin. Tun yaro yana tsakiyar hidima ubangida yakan bar shi ya ɗora ɗan kayansa na kansa a kan na ayari, ya sayar ya riƙe ribar, don ya ɗanɗana riba ya kuma ɗanɗana faɗuwa. Idan ya kawo ƙarfi, ubangida ne zai yi masa aure, ya ba shi jari, ya gabatar da shi ga fatoma da dillalan da yake hulɗa da su. Attajirin da yaronsa ya tsufa a hannunsa ba aure ba jari, abin kunya ne gare shi, kuma ba wanda zai sake ba shi ɗa. Ashe yarjejeniya ce mai baki biyu: yaro ya ba da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa, ubangida ya biya shi da ilmi da kuma abin tsayuwa da ƙafafunsa. 'Yan'uwanmu Ibo suna da irin wannan tsari, har yau kuwa suna riƙe da shi a kasuwannin Onica da Aba.

Sana'o'in hannu kuwa galibi gado ne. Ɗan maƙeri da zuga yake farawa, ya daɗe yana kallon launin ƙarfe a wuta kafin a miƙa masa masaba. Ɗan marini ya san warin baba tun bai san hanyar makarantar allo ba. Kowace sana'a tana da sarkinta, Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska, kuma shi ke hukunta wanda ya yi algus ko ya zalunci yaronsa. Mata ma ba a bar su a baya ba, sai dai makarantarsu cikin gida take: kaɗi, kitso, saƙar faifai, dafa abincin sayarwa, daga uwa ko goggo ko uwar ɗaki.

Misali mafi kyau da ya rage mana na wannan irin koyo shi ne ɗorin Aliero. Sunan garin ya kai nesa saboda abu biyu, albasa da masu ɗori, har daga wasu jihohi da ƙasashen maƙwabta ake kawo masu karaya. Yaron gidan ɗori yakan yi shekaru aikinsa riƙe ƙafar majinyaci da miƙa tsumma da sassaƙa karan ɗori. Ba a bari ya taɓa ƙashi sai hannunsa ya saba da jin yadda lafiyayye yake. Likitocin asibiti suna da ƙorafinsu a kan ɗori, musamman idan aka matse ɗauri jini ya kasa gudana, kuma ƙorafin yana da hujja. Amma ta fuskar koyarwa kawai, ban ga wata kwaleji da ta fi su haƙuri da ɗalibi ba.

Kada a ce na mai da jiya aljanna. Gado yana buɗe ƙofa ɗaya ya rufe tara. Ɗan mahauci da Allah ya ba basirar gini ba ya samun mai karɓarsa cikin sauƙi, ga kuma raini da ake yi wa wasu sana'o'i har a hana masu yin su aure. Duka ya yi yawa. Ba a tambayar yaro abin da yake so. Bugu da ƙari, wani kaso na aikin ƙarfi a ayari da gonaki bayi ne suke yin sa, su kuwa ba wanda ya yi musu alkawarin jari.

Da Turawa suka ci ƙasar nan a 1903, sun ga darajar sana'o'inmu. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'a, inda ake dukanci da sassaƙa da ƙira. To amma albashi da girma suna wajen malaman ofishin En'e, iyaye kuwa ba makafi ba ne. Tun daga nan aka fara auna yaro da takarda. Mota ta kashe ayari, yadin kanti ya rage wa masaƙa da marina kasuwa, sababbin sana'o'i suka shigo: tela, kafinta, makanike, direba. Abin sha'awa, waɗannan sababbi tsohon tsarin suka ara. Yaron mota na yau da ke bin lodin albasa daga Aliero zuwa Ikko, jikan yaron ayari ne.

Gwamnatoci bayan mulkin kai sun yi ta ƙoƙari, ba za a ce ba su yi ba. An kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF a 1971. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982, da nufin yaro ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki a ƙaramar sakandare, ya gane inda hannunsa ya fi faɗawa. Niyya ce mai kyau ƙwarai, don ita ce ta ba yaro zaɓin da gado ya hana shi. Sai dai an sayo injuna daga waje aka kai makarantun da ba su da wuta ba su da malamin da ya san kansu, da yawa suka yi tsatsa cikin akwatunansu. A 1986, lokacin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida, aka kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE, wadda ta riƙa kai matasa wurin masu sana'a tana biyan ɗan alawus. An tanadi rancen kayan aiki ga waɗanda suka gama, amma bai kai ga kowa ba. Matashi ya iya walda, ya karɓi takardar shaida, ya dawo gida ba injin ba rumfa, sai ya ari babur ya shiga kabu-kabu. A ganina nan ne gizo yake saƙa. An kwaikwayi rabin farko na tsarin kakanninmu, watau koyo, an bar rabin ƙarshe, watau sallama.

Jihar Kebbi ta samu a 1991, aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006. Yanzu ɗan Jiga Birni yana iya karanta aikin injiniya bai yi nisa da gida ba. Amma waɗanda ke shiga jami'a 'yan kaɗan ne a kan waɗanda ke tsaye a bakin gareji da shagon gyaran waya da wurin masu haɗa sola. Su waɗannan, mu da muka yi karatu me muke da shi da za mu ba su? Ko ba komai muna iya karanta wa iyayenmu doka. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta yarda uba ya sa ɗansa mai shekara 12 zuwa 16 koyon sana'a, amma da yardar yaron, a rubuce, kuma kada wa'adin ya wuce shekara 5. Muna iya zagayawa da ƙannenmu wuri uku ko huɗu su gani da idonsu kafin su zaɓa. Muna iya binciken yaran da mai sana'a ya yaye a baya, su nawa ne, kuma ina suke yanzu.

A hutun da ya wuce na raka Baba Jega, za a damƙa ƙanena ga wani mai gyaran waya. Aka gaisa, aka yi maganar kuɗin koyo da na abinci, aka yanka shekara 2. Har mun miƙe, sai Baba ya koma ya zauna, ya ce, "Malam, saura magana ɗaya. In ya iya, da me za ka sallame shi?" Mutumin ya yi shiru, ya ce shi dai ubangidansa addu'a kawai ya yi masa. Baba ya ce addu'a tana da kyau, amma a ƙara da na'urar narka dalma da ta awon wuta, shi kuma zai nemo teburi da rumfa. Ni na rubuta takardar, limamin unguwa ya sa hannu.