Daga Kaset zuwa Android: Yadda Buɗaɗɗiyar Manhaja Ta Iso Madawa

Dillalin albasar da ke tsaye bakin kwalta a Madawa yana tura hoton buhuna zuwa Abijan bai san yana cin moriyar aikin dubban mutanen da bai taɓa gani ba, bai kuma biya su ko dala ba. Babbar wayar da ke hannunsa tana tafiya ne bisa buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da masu rubuta ta suka bar rubutunta a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Babu wanda ya yi mana shelar zuwanta, babu farfen da ya yanke ƙyallen buɗe ta. Sai mun waiwaya baya za mu ga ta inda ta biyo har ta shiga aljihunmu.

A shekarun 1970 da farkon 1980, saƙo a ƙasar Adar da ƙafa yake tafiya. Ɗan ci-ranin Buza da ke Legas ko Abijan sai ya nemi mai ilimin boko ko na ajami ya rubuta masa wasiƙa, ya damƙa wa direba ko wani mai komawa gida. Da rediyo mai kaset ta yawaita, sai abin ya sauƙaƙa: mutum ya zauna ya ɗauki muryarsa, ya gaida tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi yadda za a kasa kuɗin da ya aiko, iyali su taru a tsakar gida su saurara. Wayar tarho kuwa ta gidan waya ce da ofisoshin hukuma, sanarwar rasuwa kuma sai a Muryar Sahel.

Shekarar 1984 ba ta ɓacewa a tunanin mutanen yankin nan. Damina ta ƙi, dabbobi suka ƙare, a watan Mayu kuma gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarar ce aka soma Aikin Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, ana biyan ma'aikata da abinci. Mata ne suka fi yawa a fagen aikin, su suka ɗauki duwatsu a ka aka tare zaizayar ƙasa a kan tuddai, har aka dasa itatuwa kusan miliyan 18 cikin shekaru ashirin. A watan Janairun wannan shekara, can a Amurka, wani masanin kwamfuta mai suna Richard Stallman ya ajiye aikinsa a cibiyar MIT don ya rubuta manhajar da ya kira GNU. Abin da ya tunzura shi tun farko ƙaramin abu ne: injin buga takardu na ofishinsu yana yawan cijewa, ya nemi rubutun manhajarsa don ya gyara, aka ce sirrin kamfani ne.

Dabarar da ya fito da ita ta shari'a ce. A 1989 ya wallafa lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da manhaja, da nazarinta, da sauya ta, da raba ta, bisa sharaɗi guda: in ka gyara ka raba, tilas ka buɗe naka gyaran yadda aka buɗe maka. Manomin kwarin Majiya ba zai ga baƙon abu a nan ba, don ƙa'idar gayya ce: wanda aka nome wa gona, ranar gayyar maƙwabci ba ya ɓoye hauyarsa.

A 1991, lokacin da kunnuwanmu ke manne da rediyo muna bin Taron Ƙasa na Yamai, wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar a intanet cewa yana rubuta ƙashin bayan wata manhajar tafiyar da kwamfuta don nishaɗi kawai. Ya sa ta ƙarƙashin GPL a shekarar da ta biyo, sai masu gyara suka yi ta kwararowa daga ƙasashe daban-daban. Ita ce Linux. Da kamfanin Netscape ya buɗe rubutun manhajarsa ta shiga intanet a 1998, ƴan kasuwa ma suka gane cewa abin ya wuce wasan ɗalibai.

Mu a nan, kwamfuta ta fara zuwa mana ne a rufe. Ta shigo ofisoshin ayyukan raya karkara da na hukuma da Windows a kanta, galibi kwafin da wani ya kwafa daga kwafin wani. Duk wanda ya yi aikin buga takardu a shekarun 2000 ya san azabar: ka soka makullin USB a kwamfutar wani, ka dawo ka tarar takardunka duka sun ɓace, sai gumakan banza a madadinsu, rahoton wata guda ya bi ruwa. Maganin yana nan, wato Linux, amma nauyinsa ya fi ƙarfin layinmu, domin sauke megabait 700 a wancan zamani aikin kwanaki ne. Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu da ya kafa Ubuntu, wani nau'in Linux, a 2004, ya gane wannan matsala, sai kamfaninsa ya riƙa aika fayafayen Ubuntu kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, har zuwa 2011. Duk da haka Linux ba ta kama a ofisoshinmu ba. An horar da sakatarori a kan Word, injin bugawa wani lokaci ya ƙi amsawa, kuma ba wanda ke jin tsadar abin da dama bai saya ba. Waɗanda suka shige a ɓoye su ne ƙananan: Firefox, da VLC mai alamar hular lemu, wadda ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faransa suka ƙirƙira. Da ita aka kalli finafinan Kano ba adadi.

Babban juyi ya zo ne da salula a 2001. Cikin ƴan shekaru eriya ta bi hanyar kwalta daga Yamai ta ratsa Ƙwanni da Madawa zuwa Maraɗi da Damagaram, sannan ta gangara ƙauyuka. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari inda layi ya kai, saboda ɗan kasuwa ya daina hawa mota don jin farashi kawai. Kamfanin layin waya na Celtel ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010, shekarar da ƙungiyar Concern ta gwada tura tallafin jika 22 a wata ta waya ga iyalai a wasu ƙauyukan jihar Tawa. Sabuwar sana'a ta ɓullo a kasuwanni: rumfar caji, da janareto na ruri a baya, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, da saurayi mai kwamfuta yana zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi a katin waya.

Wayar Android ta farko ta fito a 2008, amma sai da su Tecno da itel da Infinix suka karya farashi a tsakiyar shekarun 2010 sannan ta zama ta kowa. Dalilin arhar yana da alaƙa da tarihin da muke bi: Android a kan Linux aka gina ta, an kuma bar tushenta a buɗe, don haka kamfanin da ke ƙera waya a Sin bai da buƙatar rubuta manhaja daga farko. Abin da fayafayen gidan waya suka kasa, wayar jika talatin ta yi shi. Saƙon murya na WhatsApp kuma ya maido mana da wasiƙar kaset, sai dai yanzu tana isa kafin shayi ya huce.

Ta wata ƙofar kuma buɗaɗɗiyar manhaja ta shigo, ƙofar likita. Bayan matsalar abinci ta 2005, ƙungiyar MSF ta kafa aiki a Madawa da Buza, ƙidayar yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro ta zama batun rai da mutuwa. A da, ma'aikacin lafiya yakan kwana a kan manyan rajistoci a ƙarshen wata, yana tara alƙaluma da biro, takardar ta hau babur zuwa gunduma, ta jira mota zuwa Tawa. Yau ma'aikatar lafiya ta Nijar tana tattara alƙalumanta da DHIS2, buɗaɗɗiyar manhajar da ta samo asali a Afirka ta Kudu bayan wariyar launin fata, Jami'ar Oslo ke jagorantar ta, ƙasashe sama da 70 na amfani da ita. Matasan da muke gani a ƙauyuka da ƙaramin allo suna tambayar magidanta, sau da yawa da ODK ko KoboToolbox suke aiki, waɗanda aka tsara su cike takarda ba layi, su aika in an samu. Taswira ma haka: aikin da a zamanin Aikin Keita sai ƙwararru da manhaja mai tsada, yanzu ɗalibi na iya yin sa da QGIS da hotunan Landsat, waɗanda Amurka ta saki kyauta tun 2008.

Shi kuwa mai sana'ar rubuta manhaja da ke zaune a yankinmu, ranarsa wuta da layi ke tsara ta. Yana rubutu da rana a kan batir, yana adana kowane gyara da Git, wadda Torvalds ya ƙirƙira a 2005 kuma ba ta buƙatar intanet sai lokacin aikawa, da dare in layi ya saki ya tura aikin gaba ɗaya. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, wanda bai da faifan sola ya ji a jikinsa. Amma abokin aikinsa na Jamus ko Indiya ba ya tambayar takardar shaidarsa ko garinsu, gyaran kawai yake dubawa.

Inda muka yi rauni a bayyane yake. Shekaru da dama muna karɓa, abin da muka mayar bai taka kara ya karya ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sun daɗe da samun gurbi a Unicode, amma manhajojin da aka fassara zuwa Hausa ba su da yawa. Wikipedia ta Hausa tana buƙatar wanda zai rubuta tarihin Keita da Buza da Bangi, shirin Common Voice na Mozilla yana buƙatar muryoyi masu karin harshen Adar, OpenStreetMap kuma, da aka kafa tun 2004, tana jiran wanda zai sa sunayen rijiyoyinmu da unguwanninmu yadda muke kiran su. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya neman izinin kowa, wasu ma da waya kaɗai ake yin su. Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, da malaman makarantunmu, da samarin rumfunan caji, ku ne kuka fi kusa da aikin nan. Kowa ya zaɓi abu guda da ya sani fiye da baƙo, ya rubuta shi, ya bar shi a buɗe.