Iska

iska (iskàa) sn., mc.; jam. iskookii.

1. Abin da ake shaƙa, ba a ganinsa: sun fita shan ~.

2. Bugawa mai ƙarfi da ke zuwa gaban hadari, galibi daga gabas, ta fi tsanani a farkon damina, watannin Mayu da Yuni. Takan karya rassa, ta kakkaɓe 'ya'yan itatuwa, ta tumɓuke bishiyar da gara ta ci gindinta ko ruwa ya zaizaye saiwarta: ~ ta tuge darbejiyar bakin kasuwa, ta tare hanyar ƙauye, ~ ta zubar da mangwaro ɗanye.

3. (jam.) Aljanu, musamman a bori.

ɗan ~ (nj.), 'yar ~ (mc.): marar tarbiyya. iskanci (iskancìi) sn., nj.: halinsu.

Kwatanta guguwa: ita juyawa take yi, ta fi yawa da bazara.