Alhaji Umaru a Kete-Karaci: yadda baƙon malami ya zama limamin gari

Tun kafin samarin Adar da Gobir da Zabarma su fara tafiya Gwalkwas neman kuɗi a zamanin Turawa, hanyar Gwanja ta daɗe da buɗewa. Fatake ne suka share ta. Sukan ɗora wa jakuna kanwar Manga da turkudin Kano da fatu, su bi ta Sakkwato da Jega, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, bayan watanni su sauka Salaga, inda goron Asante yake jiransu. Ayari ba ya tashi sai da malami, domin shi ne zai zaɓi ranar tafiya, ya ja salla, ya rubuta wasiƙa, ya sallaci wanda ya rasu a hanya. Daga cikin waɗannan malamai akwai waɗanda ba su komo gida ba, kuma wanda sunansa ya fi fita a cikinsu shi ne Umaru ɗan Abubakar.

An haife shi a Kano wajen shekarar 1858, amma asalin gidansu Kabi ne, shi ya sa a littattafansa ake kiransa Bakabe, Bakano. Ya yi karatu a Kano, ya ƙara a ƙasashen Sakkwato da Gwandu, yana kuma bin mahaifinsa fatauci. A 1877, bai kai shekara ashirin sosai ba, ya wallafa ɗan littafi da Larabci kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Wannan ba ƙaramin guzuri ba ne ga mai shirin zaman baƙunci. Sarki na bukatar mai rubuta masa takarda zuwa ga sarki ɗan'uwansa, falke na bukatar mai rubuta bashi da amana, kuma duk garin da ake ciniki, mai alƙalami ba ya kwana da yunwa.

Wajen 1892 ya yanke shawarar zama Salaga, sai dai ya zo a makare. Tun da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874 ƙarfin Asante a kan arewa ya karye, goro ya fara bin wasu kasuwanni. A shekarar da ya zauna ɗin kuma yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin gidajen sarautar Gwanja na Kpembe, Salaga ta watse, ƴan kasuwa suka kwashe nasu ya nasu. Malamin da ya zo kafa makaranta sai ya tarar ɗalibai da iyayensu suna ɗaure kaya. Shi ma daga baya ya bi su kudu, zuwa Kete, zangon Musulmi da ke gefen Karaci a bakin kogin Bolta.

Garin ba na Musulmi ba ne. Karaci gidan tsafin Dente ne, wanda ake zuwa tambaya wurinsa daga nesa, har daga Asante. Ga kuma sababbin masu iko: Jamusawa sun kafa bariki a wurin a 1894. Saboda haka baƙo yana tsakanin hukuma uku, ta masu ƙasa, da ta manyan zango da suka riga shi zuwa, da ta Bature. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne, amma zango yana rage wannan makanta. Akwai mai masauki da zai ba shi ɗaki ya gabatar da shi ga jama'a, akwai masallaci, kuma harshen kasuwa Hausa ne ko ga wanda ba Bahaushe ba. Abin da zango ba ya bayarwa kyauta shi ne matsayi.

A nan rikicin limanci ya taso. Akwai limami a gari, Imam Gado, da mutanensa, kuma ba su ga dalilin da zai sa a ja da baya saboda wanda ya zo jiya ba. Magoya bayan Umaru kuwa, yawancinsu ƴan gudun hijirar Salaga, sun tsaya a kan cewa ilimi ne ke ja gaba. Labarin da aka riƙe shi ne jami'in Jamus ya gwada malaman biyu da karatun littafin Larabci, ya ba Umaru limanci. Abin dubawa ne: shari'ar da ta shafi wanda zai ja Musulmi salla, Nasara ne ya yanke ta, kuma wanda ya ci ribar hukuncin shi ne mutumin da ya fi kowa a zamaninsa rubuta baƙin cikin zuwan Nasara. Tsakanin 1899 da 1903 ya tsara waƙoƙi uku a kan wannan batu, biyu da Larabci, ɗaya da Hausa, yana lissafa garuruwa da sarakunan da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya.

Masu gaggawar hukunci za su ce fuska biyu ce. Amma wanda ya san zaman ƙasar wani ya san ba a zaɓen mai mulki, abin da ake zaɓe shi ne abin da za a sayar masa da abin da za a hana shi. Umaru ya sayar da harshe. Adam Mischlich, tsohon ɗan mishan da ya zama shugaban barikin Kete-Karaci, ya zauna gabansa ya ƙaru da Hausa, kuma ƙamus ɗin da ya buga a 1906 yana ɗauke da gumin malamin. Ya sa shi ya rubuta masa da ajami tarihin Kabi da na wasu ƙasashen Hausa, da bayanin noma, da rini, da jima, da aure, da sarauta. Bature ya nemi wannan ne don amfanin mulkinsa da sunansa. Amma da ba a nema ba, da wuya a ce mutumin da ya bar Kano shekaru da yawa zai zauna ya zayyana ƙasar da ya baro filla-filla haka. Yau waɗannan takardu suna cikin mafi daraja da ake da su kan rayuwar Hausawa a ƙarni na 19. Douglas Ferguson ya fassara su zuwa Ingilishi a 1973, Stanislaw Pilaszewicz na jami'ar Warso kuma ya buga wasu a 2000.

Aikinsa na gaskiya dai yana zaure. Ɗalibai sun riƙa zuwa daga zangunan Gwalkwas da Togo, su sauke littattafai su koma su buɗe nasu makarantu, har ya zama malamai da yawa a Gana suna kai salsalar karatunsu gare shi. Ya juya waƙar Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, abin da ba kowane malamin zamanin zai yarda ya ɓata tawada a kansa ba. Ya yi waƙa kan talauci da wadata, wadda ke nuna ya ga yadda ake kallon marar abin hannu a garin kasuwa, ya kuma yi wata kan annobar mura ta 1918.

A 1913 ya tafi aikin hajji. Da ya dawo wajen 1918 sai ya tarar Jamusawa sun tafi, Ingilishi ne a bariki. Bai koma Kano ba, ya ci gaba da limanci da karantarwa a ƙarƙashin sababbin masu mulki har ya rasu a 1934, aka rufe shi a Kete-Karaci. Bayan shekara talatin da ɗaya, a 1965, aka kammala madatsar ruwa ta Akosombo. Tafkin Bolta ya cika ya haɗiye tsohon garin, da zangonsa da masallacinsa, aka mai da mutane sabon wuri a kan tudu, suka tafi da sunan garin.