FILIN ƘWALLON LAMBU NA RAYFIELD DA TARIHIN HAƘAR KUZA

A kudancin birnin Jos, ta wajen Bukuru, akwai wani fili da ake buga ƙwallon lambu, wasan da Turawa ke kira golf. Sunansa Rayfield. An kafa kulob ɗinsa a 1913, shekara guda kafin a haɗe Arewa da Kudu a sami Najeriya, kuma da yawa suna lissafa shi a matsayin mafi tsufa a ƙasar.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙa'idarsa mai sauƙin faɗa ce: ramuka 18, mutum ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dukan 'yar ƙwallo da sanda, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Adadin nan na 18 daga filin St Andrews na Sukotilan ya samo asali, a 1764. Magabatan wasan ba su da injin tura ƙasa, don haka yadda suka tarar da wuri haka suke shimfiɗa fili a kansa, tudu ya zauna tudu, kwari ya zauna kwari. Wannan shi ne tsohon tsari da masana ke yabo. A tudun Jos kuwa, mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, mai wasa yakan tsaya ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, wani lokaci ya buga ba ya ganin inda ƙwallon za ta sauka. Iskar wurin ba ta da kauri, shi ya sa ƙwallo ke ɗara tafiyar da take yi a Legas.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dabarar da tsofaffin filayen Arewa suka yi wa rani. A Turai, da'irar da ke kewaye da rami ciyawa ce mai laushi da ake ba ruwa kullum. Ina za a sami wannan ruwa cikin hunturu? Sai aka riƙa cuɗa yashi da baƙin mai a daɓe wurin. Kafin mai wasa ya tura ƙwallo, yaro zai ja buhu ko tabarma ya share sawun da ke gabansa.

To, me ya kai wasan mutanen Sukotilan ƙasar Birom? Kuza ce. Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Ririwai suna narka ta su mayar da ita siraran sanduna, fatake su kai kasuwanni. Sawun waɗannan sanduna kamfanin Neja ya bi a farkon ƙarni na 20 har ya gano inda arzikin yake. Kafin 1913 kamfanoni sun cika tudun, a 1914 kuma ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso yankin. Injiniyoyi da manajoji suka sami sanyi irin na gida, suka gina kulob. Daga baya Jos ta zama wurin da ma'aikatan mulkin mallaka ke zuwa hutu in zafin Kano ko Sakkwato ya gallabe su.

A nan ne ya kamata mai karatu ya dakata. Ƙasar gonakin Birom ce, kuma haƙa ta cinye da yawa daga cikinsu. Masu haƙar kuwa dubban leburori ne daga Kano, Zazzau, Bauci, Barno da sauran wurare, da diga da shebur da kwanon ƙarfe a ka. Barikokinsu ne suka zama unguwannin Hausawa na Bukuru da Barikin Ladi. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka ɗora wa lardunan Arewa aikin tilas, wanda mutane suka kira ɗiban gwamna, har zuwa 1944. An kwaso talakawa daga ƙasar zafi ba bargo ba wadataccen abinci, sanyin da Bature ke hawowa nema ya hallaka da yawa daga cikinsu. Tafkunan da ke warwatse a Rayfield yau, har da wanda ake shaƙatawa a bakinsa da kwale-kwale, ramukan haƙa ne da ruwa ya cika.

Mu mutanen Tamale labarin ba baƙo ba ne a gare mu. Daga nan Arewacin Gana aka riƙa ɗibar 'yan ƙwadago zuwa ramukan zinariya na Obuwasi da Tarkwa, kuma can ma kamfanoni sun yi wa manyansu filin wannan wasa, zango na gefe.

A wancan zamani ɗan ƙasa ba ya shiga irin wannan fili sai dai ya ɗauki jakar sanduna ko ya ja buhun share yashi. Amma mai ɗaukar jaka yana kallo, kuma ya fi ubangidansa sanin kowane gangare. Daga cikin irin waɗannan yara aka sami da yawa daga ƙwararrun 'yan wasan Najeriya na farko. Kamfanonin kuza sun naɗe kayansu, musamman bayan faɗuwar farashinta a duniya a 1985, kulob ɗin kuma ya koma hannun 'yan ƙasa.